Tsakiyar Takardar da Hassiya Ba Ta Gane Ba

Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgin Kazabalanka ɗan ƙasarmu ne, kuma shi ya fara cuta ta a Maroko. Mushe Ila ake ce masa, ko dai haka ya ce mana. Shi ya turo wa babana hotunan wata makaranta, lakkwal da ake koyar da aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje: dogon bene, ɗalibai cikin fararen riguna, kowa da kwalba a hannu. Ni kuwa na faɗi bak, jarrabawar shiga jami'a, sau biyu a garinmu Madawa, na gaji da zaman gida da yankan ganyen albasa. Babana ya fasa rudunsa, rumbun ajiyar albasa, ya sayar da albasar tun ba ta yi daraja ba, ya sa ni jirgi.

Lakkwal ɗin ɗaki biyu ce a saman shagon mai gyaran taya. Kwalba ko ɗaya ban gani ba sai ta ruwan sha. Malami guda ne, ya zo yau, gobe a ce yana asibiti. Na sami Mushe Ila na ce masa ba wannan benen na gani a hoto ba. Ya ce ana gyaransa ne, in yi haƙuri. Na ce haƙurina babana ya riga ya sayar da shi tare da albasa. Bai ji daɗi ba. Wata safiya munka zo munka tarar da kwaɗo a ƙofa, salularsa kuma ta daina shiga.

Na zauna a Kazabalanka ɗaki guda da wasu ƴan Gine. Bango yana tsatsar ruwa, tufafi ba su bushewa, burodi da safe burodi da rana. Abin da na fi kewa hura ce, ta inna, mai kaurin da sai an sa ƙarfi a ludayi. Na yi aikin gida wurin wata mata, na yi mata wanki da goge-goge, har ranar da ta ware mini kofina daban ta ɗaure masa zare don kada ya haɗu da nasu. Na aje mata kofin a tsakiyar falo na ɗauki jakata.

Duk wannan lokacin na san Hassiya tana ƙasar. Hassiya ɗiyar kawuna ce, ƴar garin Azarori, taubashiyata. Tare munka shiga kwaleji, a gidanmu ta zauna, tabarma guda. Ita ta ci bak tashin farko, ta tafi jami'a Yamai, ta sami burs, kuɗin tallafin karatu, ta zo Maroko tana neman digirin dokta kan cutar da ke ruɓar da albasa a ajiya. Ban gaya mata zan zo ba. So nake sai na sa tawa farar riga in ɗauki hoto in tura mata ba tare da ko kalma ba. Sai ga shi ina kiranta daga bakin titi, kuɗin haya sun ƙare, ba ni da wurin kwana.

A jirgin ƙasan da zai kai ni wurinta wata tsohuwa ta zauna kusa da ni. Ban jin Larabcinsu, ba ta jin Faransanci. Ta dubi ƙafafuna cikin silifa, ta girgiza kai, ta cire mayafinta na ulu ta rufe mini su. Ta ɓare dafaffen ƙwai ta barbaɗa masa gishiri ta miƙo, ta tsare ni da ido har na cinye. Da za ta sauka na miƙa mata mayafin, ta doke mini hannu. Yana nan wurina.

Garin Hassiya yana cikin tudu, kewaye da gonakin zaitun. Tana tsaye a gar, tashar jirgin, cikin doguwar rigar sanyi, da jakar odinata, kwamfutarta, a kafaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke baiwata, wa ya ba ki izinin hita ƙasa ban sani ba?"

"Na zo in ga ko da gaske karatu kike. Ashe ci kike, dubi wuyanki."

Ta ce gara wuyanta da nawa da ke kama da na zabuwa. Nan na ji kamar na sauka a tashar Madawa. Mu haka muke tun muna yara. Tsakanin ɗiyar mace da ɗiyar namiji ba kunya, ba ladabi. Ki zagi taubashiyarki a gaban surukanta, ki tona mata asiri ranar sunan ɗanta, mutane su yi dariya, ita kuma ta rama. Wadda ta yi fushi ita ta faɗi, kuma duk dangi za su ji.

Ta kai ni ɗakinta, ta ba ni rabin gado. Ta roƙi Furofesa, malamin da ke duba aikinta, ya ɗauke ni wankin kwalabe a labonsu. Wato na gudo daga albasa, na haye hamada a jirgi, na zo ina kwashe ruɓaɓɓiyar albasa daga faranti ina zubarwa. An ba ni riga, amma shuɗiya. Ta Hassiya fara ce, da sunanta a ɗinke a ƙirji.

Ba zan ɓoye ba, komai nata ya tsaya mini a wuya. Katin da take karawa ƙofa ta buɗe, ni sai na ƙwanƙwasa. Yadda Furofesa ke tsayawa ya saurare ta, dattijo mai furfura, yana gyaɗa kai. Yadda mai gadi ke ce mata dokta tun ba ta zama ba. Wanda ya fi ci mini rai saƙon muryar inna ne. Za ta gaishe ni a gurguje, sai ta ce in miƙa wa Hassiya, ta yi ta sa mata albarka, ta ce duk fadamar Tarka ita ake jira ta kawo maganin ruɓa. Uwata ce fa. Ni kuwa tambayar da ake yi mini ita ce ko ina taya ta wanki.

A labo na fara ganin takardun da suke bauta wa. Artikil suke ce musu. Mai bincike ya rubuta abin da ya gano, kafin a buga sai a aika wa wasu masana irinsa da ba a faɗin sunansu, su tsefe shi, in sun yarda a buga. Hassiya ta bayyana mini wannan tana ɗaga kai, kamar an ce takardar ta yi alwala. Duk gardamar da ta tashi a labo, da wani ya ce an buga, an duba, shi ke nan magana ta mutu. Na lura kuma in an aiko wa Furofesa irin wannan dubawar, sau da yawa Hassiya yake miƙa wa, ta karanta ta rubuta, shi ya gyara ya tura. Na tambaye ta ashe masanan ɓoyen nan ita ce. Ta ce in je in wanke kwalabena.

Akwai takarda guda da ba ta rabuwa da ita, duk ta sha jan biro. A kanta ta gina aikinta kaf. Wasu masana ne sunka fitar da hanyar lissafi da ke nuna yadda zafi da laima ke haɗuwa su sa albasa ta ruɓe, kowa a fannin yana ambatonta. Na taɓa ɗauka na duba, ina cewa ai albasa ce, a cikinta anka haife ni. Ban gane komai ba. Ko hoton albasa babu.

Wata Lahadi da la'asar muna saman soro ina yi mata kitso, kanta a cinyata. Burs ɗinta ya kusa ƙarewa, kuma sai Furofesa ya sa hannu za a ƙara mata. In bai sa ba, ɗakin ya tafi, takardar zamanta a ƙasar ta tafi, ni ma da nake raɓe da ita na tafi. Tana ta juye-juye har na ja mata gashi. Can ta ce akwai abin da ke hana ta sakewa. Takardar nan ta gane farkonta, ta gane ƙarshenta, amma tsakiyar, inda lissafin yake, ba ta gane ba. Ta karanta har ta haddace, ba ta san dalilin da ya sa anka bi ta nan ba a bi ta can ba. Tana zuba alƙalumanta a odinata yadda takardar ta ce, ta danna, amsa ta fito, ta rubuta.

Na ce to ta tambayi Furofesa mana.

"Bayan shekarun ga duka? In ce mishi mi?"

Na ce Allah shi kyauta, na ci gaba da kitso. Amma wani sanyi ya sauka a zuciyata irin na ruwan randa. Ashe dai. Ashe farar rigar ma danne-danne take yi kamar inna da salula.

Ranar Juma'a bayan masallaci ƴan labo kan haɗu su ci kuskus a faranti guda, har mu masu shuɗiyar riga. A wannan Juma'ar Furofesa yana cikin nishaɗi. Ya ce za a yi babban taron masana a Turai, kuma Hassiya za ta wakilce su. Ya ce a duk ɗalibansa ba wanda ya riƙe hanyar lissafin nan kamar ita, ta san ta ciki da bai. Anka tafa. Hassiya ta sunkuyar da kai irin na kunyar ƙarya.

A gida, in ana yabon taubashiyarki haka a gaban jama'a kina zaune, aikinki ne ki kwance mata zane. Ba a ma tunani, baki ne ke yi. Na aje cokali na ce, da Faransanci, da murya sosai, wannan ɗin? Ai ita da bakinta ta ce mini tsakiyar takardar ba ta gane komai ba, dannawa kawai take yi amsa ta faɗo, kamar injin niƙa.

Na jira dariya. A Madawa da tuni wata ta shaƙe da abinci. Nan sai ƙarar cokali guda da wani ya aje. Hassiya ta yi ƴar dariya, ta sabo, ta buɗe baki za ta rama, na ga ramuwar ta zo har leɓenta. Sai ta dubi Furofesa ta rufe bakin. Wani ɗalibi ɗan Mali ya yi ƙoƙarin ceto, ya ce wasa ne na dangi, su ma suna da irinsa, ba a ɗaukarsa da gaske. Furofesa ya saurare shi har ya gama. Sannan ya juya wurin Hassiya ya tambaye ta, a hankali, ko gaskiya ne.

Ta ce gaskiya ne.

Ya goge hannu, ya ce kowa ya zo ɗakin taro ranar Litinin da takardar a hannu. Ya tashi ya bar naman da ke gabansa.

Munka kama hanyar gida. Ta tsaya ta sayi burodi, ta sayi madara, har ta tambaye ni ko ina son zaitun. Da na so ta zage ni. Amma ba ta da ikon fushi, ni ma na sani, ita ma ta sani. In ta kira gida ta ce Barira ta yi mini kaza, kawu da kansa zai ce ashe boko ya ɓata ta har ta manta taubashi. Sai washegari, tana shanya, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Barira, da Hausa kinka hwaɗi, da na rama, da mun yi dariya mu biyu. Mi ya sa kinka hwaɗi da Faransanci?"

"Don su ji."

Ta matse rigar da ke hannunta ta shanya. Ban ba ta haƙuri ba. Ba a ba taubashi haƙuri, kuma ni ban ga ƙaryar da na yi ba.

Litinin ni na kai shayi ɗakin taron, kuma na ƙi fita, na tsaya bakin ƙofa da tire. Furofesa ya haska tsakiyar takardar a bango, shafi cike da alamomi kamar tururuwa. Ya ce Hassiya ta tashi. Ta tashi, ta bi layin farko, ta bi na biyu, a na gaba ta tsaya ta ce daga nan ba ta gane ba. Na ce a raina yau za a kore ta, kuma na ji tsoro ya kama ni a karon farko, don sai a lokacin na tuna gadon da nake kwana a kai na wa ne.

Bai kore ta ba. Ya ce na kusa da ita ya ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan wani ne mai yawan magana da ya riga ya zama dokta, ya ambaci takardar a nasa aikin. Ya tashi ya yi ta zuba, ya zagaya ya zagaya, Furofesa ya ce ba abin da layin ke yi ya tambaya ba, me ya sa yake yin sa. Ya zauna. Wata ta ce ita ta ɗauka tun da an duba an buga, ba sai ta bi ba. Ɗan Mali ya ce shi ƙarshen kawai yake karantawa. Haka anka zagaye teburin, kowa ya kai wani wuri ya tsaya, kuma ba wanda ya wuce inda Hassiya ta tsaya da nisa.

Sai Furofesa ya cire tabarau. Ya ce shi ma bai taɓa bin wannan shafin har ƙarshe ba. Shi masanin cutar tsiro ne, ba na lissafi ba. Da takardar ta fito ya ga sunayen mutanen da ya sani, ya ga amsarsu ta yi daidai da abin da yake gani a albasa, ya yarda. Ya ce yana kyautata zaton waɗanda sunka duba ta kafin a buga irinsa ne, sun tsefe abin da sunka sani, sun ɗaga wa sauran ƙafa, kowa yana zaton wani ya duba. Ya ce mai yiwuwa lissafin daidai ne, mai yiwuwa kuma bai dace da irin albasarmu da irin zafinmu ba, kuma a ɗakin nan ba mai iya cewa ko wanne ne.

Ina tsaye da tire ina kallonsu. Ɗaki cike da fararen riguna, kowa ya ce bai gane ba, kuma ba wanda anka ce ya tattara kayansa. Ni da ban gane lissafin bak ba, sunana kawai anka ƙi kira a filin lise, makarantarmu, ranar sakamako, na taka har gida da ƙafa, inna ta dube ni ta ci gaba da daka. Su kuwa shayi anka ƙara musu. Ni na zuba.

Furofesa ya sa hannu a burs ɗin. Amma ya soke tafiyar Turai, ya ce ba zai tura kowa ya tsaya gaban duniya da abin da ba su iya karewa ba. Ya ce Hassiya za ta koma wata jami'a a arewacin ƙasar, wurin wata masaniyar lissafi, ta zauna har ta gane shafin, sannan ta sake bin duk abin da ta yi. Shekara guda ta ƙaru a kan karatunta. Kawu da ke ta cewa bana za ta dawo da dokta sai ya ƙara jira. Da ya kira yana tambaya, ina jin ta ta ce aiki ne ya ƙaru, ba ta ambaci sunana ba.

Ni kuma mataimakin Furofesa ya kira ni gefe. Ya ce ba korata ake ba, amma tun da wadda ta kawo ni za ta tashi, ba su da wanda zai tsaya mini. Na gane. Wa zai so mai wankin kwalba da ke kwashe maganar soro ta kawo kan faranti. Can inda Hassiya za ta, ɗakin ɗalibai anka ba ta, gado guda, ba a kwana da baƙo. Ƴan Ginen da munka zauna tare sunka ce ana ɗaukar mata a kudu, wajen Agadir, a rumfunan tumatir. Na ce ina zuwa.

Kafin mu rabu na ga ta sayo littafin lissafi irin na ƴan shekarar farko, tana zaune tana bi da fensir, tana gogewa. Fuskarta ta saki, har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, abin da ban ji ta yi ba tun zuwana. Na jefe ta da dutse ne, ya zame mata matashi. Wannan ma ya ci mini rai, ya fi farar rigar.

Ita ta raka ni tashar kar, motar bas ɗin da zan shiga. Ta riƙe mini jaka, ta sayo mini ruwa da biskit, ta yi wa direba magana da Larabci ya ba ni wurin taga. Na dubi takalmin da ta sa, wani ƙato kamar na soja, na ce mata ko aikin gadi za ta yi a arewan. Na ba ta ƙofa a buɗe ta rama. Ga goshina, ga bak ɗina, ga tumatir da zan je tsinka, ta zaɓi wanda take so.

Ta dubi takalmin, ta ce saboda sanyi ne. Ta miƙo mini jakar da hannu biyu, yadda ake miƙa wa baƙuwa.

"Allah shi kiyaye hanya, Barira. In kin isa ki sanar da ni."

Na isa, na sanar da ita. Ta ce madalla, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta ce in gaida abokan zama. Haka take yi har yau duk ranar da na kira. Ina cikin rumfar leda da safe, tumatir har iyakar gani, in tura mata zagi mai kyau wanda na kwana ina gyarawa, in sa salular a aljihu in yi ta jira. In ta amsa, sai ta ce ina kwana, ya gajiya.